Matashin allura, kayan aikin da shagunan ɗinki suka raina

Duk wanda ya shiga shagon ɗinki a goman ƙarshe na azumi, ko a Fagge ta Kano ko a lungunan birnin Zariya, zai tarar hannu biyu sun yi wa tela kaɗan. Tef na rataye a wuya, almakashi a dama, yadi a hagu, ga mai kaya tsaye tana jiran a gwada mata. To ina za a ajiye fil? Sai a maƙale uku ko huɗu tsakanin leɓɓa, a ci gaba da ciniki ta gefen baki. Mai wannan rubutu ta daɗe tana ɗinki, tana kuma koya wa 'yan mata sana'ar, kuma ta lura babu wanda ake zaunarwa a koya masa wannan ɗabi'a. Yarinya tana ganin uwar ɗakinta na yi, sai ta ɗauka haka aikin yake. Abin da zai raba tela da ita kuwa ba ya cin kuɗi: ɗan dunƙulen ƙyalle da aka cusa wa auduga, ake soke fil da allura a jikinsa.

Haɗarin riƙe fil a baki sananne ne ga likitocin ƙirji. Tun shekarun 1990 likitoci a Turkiyya suke rubutu a kan 'yan matan da fil ɗin ɗaura mayafi ya faɗa musu cikin hanyar numfashi, daga baya takwarorinsu na Masar da wasu ƙasashen Larabawa suka ba da irin wannan labari. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Yarinya ta riƙe fil a baki, hannuwanta na gyaran mayafi, ta ɗan ɗaga kai, sai wani ya yi mata magana, ko dariya ta kama ta, ko tari ya taso. Jan numfashi ɗaya ya isa. Yawanci kan fil ɗin ne ke yin gaba, tsinin yana kallon sama, shi ya sa tari ba ya fito da shi, sai dai ya ƙara kafe shi. Ana ciro shi ne ta hanyar zura bututu mai fitila ta maƙogwaro, wani lokaci kuma sai an buɗe ƙirji. Allura ta tono garma ke nan. Tela da ke durƙushe tana daidaita bakin siket, tana ɗago kai tana amsa wa Hajiya tambaya, a daidai wannan hali take.

Akwai abin da ya kamata kowane shago ya sani. Tarin da ke biyo bayan shaƙar fil yakan lafa bayan ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ya wuce. Bai wuce ba. Kada a ɗura wa mutum tuwo ko ayaba wai don a tura shi ƙasa, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙirji da ciki, domin ƙarfe yana fitowa sarai a hoto, likita ya ga ko huhu ya nufa ko hanji.

Baki ba shi kaɗai ne wurin da bai dace ba. Akwai masu soke allura a gaban riga, akwai masu sokewa a katifa ko hannun kujera da niyyar za su dawo yanzun nan. Matan da ke ɗinkin hula a tsakar gida sun fi kowa shiga wannan hali, domin a kan tabarma suke aiki, yara na rarrafe a gefe, kira ɗaya daga madafa ya isa a ajiye hula da allura a tashi. Allurar da ta karye cikin tafin ƙafa ba a tonon ta da reza a gida. Mai ciwon suga wanda jin ƙafarsa ya ragu yana iya takawa bai ma sani ba sai wurin ya kumbura. Ciwon sarƙewar haƙora (tetanus) kuma, da mutane ke ɗora wa tsatsa, ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi ke kawo shi. Rami mai zurfi da ƙanƙanin baki irin na allura shi ne wurin da take samun sakewa. Duk mai sana'ar ɗinki ya dace ya tambayi ma'aikacin lafiya ko rigakafinsa na tetanus na nan da ƙarfinsa.

A da, tsada ce ta sa ake tattalin fil. Da hannu ake yin sa ɗaya bayan ɗaya. A littafinsa na 1776 kan dukiyar al'ummai, masanin tattalin arziki Adam Smith ya ba da misali da wata ƙaramar masana'anta inda mutum goma, da suka raba aikin a tsakaninsu, ke fitar da fil sama da 48,000 a rana, ya kuma ƙirga matakai wajen 18 daga jan waya zuwa jera fil a takarda. A 1832 wani likita Ba'amurke, John Ireland Howe, ya yi rajistar injin ƙera fil. Kafin fil ya yi araha, matan Turai sun riga sun saba da yi masa matashi na musamman, har ana yi wa amarya ko mai jego kyautarsa. Daga wannan al'ada aka gaji jan matashin nan mai siffar tumatir da ake gani a shagunan kayan ɗinki, da ɗan ƙaramin buhu rataye a jikinsa. Mutane da yawa na ɗauka buhun ado ne. Garin wani dutse mai kaifi ne a ciki, irin wanda ake yin takardar goge ƙarfe da shi, kuma tsibirin Naksos na ƙasar Girka ya yi suna wajen haƙo shi. Ana soka allura a ciro sau biyu ko uku don a goge datti da tsatsar da ta fara kamawa. Ba a barin ta kwana a ciki.

Yau fil ya yi arha har ana zubar da shi ba a waiwaya, kuma arhar ce ta sa aka daina damuwa da inda ya faɗi.

Wajen zaɓen matashi, tambayar farko ita ce ina hannu ke zuwa idan ya zare fil. Idan matashin yana can ƙarshen tebur, baki zai riga shi. Mai gwada kaya a jikin mutum, na ɗaurawa a wuyan hannu ya dace da ita, amma da sharaɗi: a sa abu mai tauri a ƙasansa, murfin roba ko guntun fata mai kauri daga wurin dukawa, don kada tsini ya ratsa ya sami jijiya. Na kasuwa da yawa ba su da wannan kariya, don haka a matsa gindinsa da yatsa kafin a biya kuɗi. Mai zama a keke tana bukatar wanda ke da nauyi, ba ya bin hannu idan an zare fil. Ƙyallen nan da ake naɗe wa wuyan keken Butterfly ko Singer ya fi babu, amma ba shi da zurfi, fil na zubewa da girgizar keke, tsininsa kuma na karce fenti yana dakushewa a jikin ƙarfe. Gara a ɗinka ɗan dogon matashi mai maɗauri a ɗaura a wurin.

Masu ɗinkin bargo mai rufi uku, irin wanda ya shahara a Amurka da Ingila, suna haɗa yadin sama da auduga da yadin ƙasa ne kafin su bi da ɗinki. Saboda kaurin, fil ɗinsu dogo ne, ya kan wuce santimita 4, alhali na ɗinkin riga bai cika wuce 3 ba, kuma bargo ɗaya na cin fil masu yawan gaske. Matashinsu sai ya zama mai faɗi da zurfi. Ƙa'idar ta shafi kowa: zurfin matashi ya zarce tsawon fil mafi tsawo da ake aiki da shi. Irin wannan ɗinki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Lifidin da ake sa wa doki da mahayi a hawan Sallah yadi ne da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki layi layi, kuma masu yin sa da masu ɗinkin katifa sun san kan audugar rimi tun kaka da kakanni.

Ita wannan audugar rimi ce marubuciyar ta fi amincewa da ita, kuma tana da dalili. Zarenta fanko ne a ciki, da ɗan maiƙo a bayansa, ba ya shan ruwa da sauri, har an daɗe ana cusa ta cikin rigunan ceto na jiragen ruwa kafin roba ta karɓe wurin. A watan Agusta, lokacin da laima ke shiga ko'ina, wannan hali ne ke hana fil tsatsa, kuma duk telan da ya taɓa ganin ɗigon tsatsa a farar shadda ya san irin bayanin da zai yi wa mai kaya. Aibinta biyu: tana da santsi, sai an danna ta sosai kafin ta riƙe fil, kuma tana kama wuta nan da nan, don haka a nisanta ta da dutsen guga na gawayi. Audugar gona tana aiki, sai dai tana shan laima, a riƙa shanya matashin a rana. Garin katako daga wurin kafinta yana ba da tauri da nauyi mai kyau, muddin ya bushe ƙayau, an tankaɗe shi, an kuma zuba shi cikin ƙaramin buhu na ciki don kada ya riƙa fesowa. Turawa na yabon ulu saboda maiƙon da ke jikin gashin tunkiya, amma tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, ba masu ulu ba ne. Wanda yake so sai ya yayyanka tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, ya kuma sani cewa wanki ya riga ya tafi da yawancin maiƙon.

Akwai abubuwan da ɗalibai ke kawowa don cusawa da ake mayar musu. Shinkafa da gero suna kiran ƙwari da ɓera. Soson ƙarfe yana tsatsa da damina ya shafa wa fil. Guntun soson katifa kuwa yana sakin fil bayan 'yan watanni, ya fara marmashewa. Yashi yana da amfani a ƙasa don nauyi kawai, idan an wanke an busar, ba a inda tsini zai riƙa shiga ba.

Haɗa matashin aikin rabin sa'a ne, kuma shi ya dace ya zama ɗinkin farko na duk mai koyo. A yanka yadi mai matsattsiyar saƙa a zagaye, faɗinsa kamar santimita 20. A bi gefen da dogon ɗinkin hannu da zare mai ƙarfi ninki biyu, a ja ya tattare, a cusa auduga har sai yatsa ya daina nutsewa, sannan a ƙulle. A samo gwangwanin tumatir ko na kifi, a daddanne bakinsa da guduma don kada ya yanki hannu, a sa ɗan ƙullin yashi ko tsakuwa a ƙasa, a danna dunƙulen a kai ya cika bakin tam. Yadin ya zama mai launi ɗaya. 'Yan mata sukan so atamfa mai furanni, su ce, "Anti, ai wannan ya fi kyau." Amsar da suke samu ita ce a soka fil goma a jikinsa a matsa baya taku biyu a ƙirga. Cikin zanen atamfa fil ɓacewa yake yi, kuma wanda ido bai gani ba tafin hannu ne zai same shi.

Allura ta fi fil wuyar sha'ani domin ba ta da kai, nutsewa take yi gaba ɗaya. Wanda ya taɓa farke tsohon matashi ya san yawan allurar da ke kwance a ciki. A bar ɗan zare a hancinta kullum, a soke ta a kaikaice, ko a ware mata ɗan littafin ƙyalle mai shafi biyu. Tsohon matashi kuma ba a damƙarsa da hannu, ba a jefa wa wani shi daga nesa.

Faranti mai maganaɗisu yana da rana, musamman wajen tsince abin da ya zube. A ɗaure maganaɗisu a bakin sanda a bi ƙasan shago da shi kafin shara, za a yi mamakin abin da zai kwaso. Sai dai ba ya kama fil na tagulla, kuma a kansa tsini yana kallon ko'ina. Ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi ba a barin su inda yara suke, domin idan yaro ya haɗiye biyu suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi.

Saura fil da ya lanƙwashe da allurar keke da ta karye. Manyan masana'antun tufafi da ke fitar da kaya zuwa Turai da Japan suna da doka a kan haka: idan allura ta karye, ana tsayar da keken, a nemo kowane guntu, a liƙa a takarda a rubuta, sannan a ba da sabuwa, kayan yara kuma sai sun bi ta na'urar gano ƙarfe kafin a ɗaure su. Ƙaramin shago ba shi da na'ura, amma yana da kwalbar magani da ta ƙare. A huda murfinta, a riƙa jefa duk karyayye a ciki, idan ta cika a liƙe bakin kafin a zubar, saboda yaran da ke tone bola da masu kwasar shara. Kafin a ninke ɗinki a sa a leda kuma, a shafa bakin hannu da wuya da ƙugu a hankali, a duba matashin a ga ko adadin da aka zara ya dawo, musamman idan rigar jariri ce.