Ɗakin sabar ba sito ba ne

Wani Alhaji mai kamfanin aika kaya daga Birmingham zuwa Kano ya kira ni da safiyar wata Litinin, muryarsa na rawa: "Injiniya, komai ya tsaya, don Allah ka zo." Na kamo hanya daga Manchester.

Da na buɗe ƙofar ɗakin sabar, hucin da ya bugi fuskata kamar na tanderun gurasa. Ɗan sito ne a ƙarƙashin bene, ko taga babu. Tsofaffin Dell R720 huɗu da wani ya sayo masa a eBay, an jera a rak, guraben da ke tsakaninsu a buɗe ba murfi, iskar zafi na fita ta baya ta zagayo ta sake shiga ta gaba. Bayan rak ɗin manne da bango, gabansa an jibge kwalayen rasit. Esin ƙarami ne mai taya, an cusa bututunsa cikin silin. Kuma duk Juma'a da yamma kashe shi ake yi, wai kuɗin wuta ya yi yawa.

Faifai biyu sun mutu a RAID 5, kwafin ajiyar ma a cikin rak ɗin yake, shi ma ya tafi. Batiran UPS sun kumbura, sai da sukundireba na ɓamɓaro su. Wata da watanni iDRAC, na'urar sa ido da ke cikin sabar, na aika gargaɗi zuwa imel ɗin wanda ya haɗa aikin, shi kuwa ya karɓi kuɗinsa ya daina ɗaga waya. Wannan ba injiniya ba ne, macuci ne.

Ina cikin aiki wata Hajiya ta zo neman akwatunan lefen ɗanta. Biki ya matso, babu mai iya faɗa mata kwantenar da suke ciki. Ta zauna kan kujera tana share hawaye, Alhaji ba ya cewa komai sai "Hajiya, ki yi haƙuri." Raina ya ɓaci matuƙa.

Duk wutar da sabar ta ja, zafi take komawa. Kilowat 1 dare da rana yunit 8,760 ne a shekara. Aikin da injinan nan huɗu ke yi, ɗaya sabuwa za ta ɗauke shi. Nan kuɗin Alhaji ke zurarewa, ba a esi ba. Zafi na ƙaruwa fankoki na ƙara gudu, gudun fanka in ya ninka, wutar da take sha kusan sau 8 take ƙaruwa.

Kada ku kashe esi. Iskar da ke shiga ta gaba ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27, kamar yadda ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta ba da shawara. A toshe guraben rak, murfin ba tsada. Soket ɗin bango amp 13 ne, ku daina jona rak a kai.

Masu cewa Ingila ai ƙasar sanyi ce, ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, na'urorin sanyaya cibiyoyin Google da Oracle a Landan suka gaza. Ina ga sitonku?

Na sake faɗa, kada ku kashe esi, ko ranar Sallah ce. Kuma gargaɗin iDRAC ya riƙa shigowa wayar mai kamfani, ba ta ɗan kwangila ba.