Mahawara Ta Tashi, Takardar Magani Na Nan



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau ya samo asali ne daga wata mahawara da muka saurara a waya da wasu matasa nan Andarai bayan sallar isha'i. An zaunar da mutum huɗu: ɗan jam'iyya mai mulki, ɗan adawa, wani likita, da wani malamin jami'a. Batutuwa uku aka ɗora masu: badaƙalar kuɗin gwamnati, tsadar jinya, da tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi. An yi sama da awa ɗaya ana kai ruwa rana. Wannan ya ce naku sun fi sata, wancan ya ce ai ku kuka koya mana. Likitan, bawan Allah, sau biyu yana fara bayani ana katse shi. Da aka tashi, matasanmu su ma suka rabu gida biyu, kowa na cewa gwaninsa ne ya kayar.

Washegari bayan asuba wani dattijo ya tsaya har jama'a suka watse. Ya zaro takarda daga aljihu ya ce: "Malam, duba mani wagga takarda. Ɗiyata ce ba lahiya, kwana ukku ke nan. Sun ce in sayo abin da aka rubuta, ni ko ban da ko rabin kuɗin." Na karɓa na duba, allura ce da ruwa da ƙwayoyi. Ya ce akuyar da ta rage masa zai kai kasuwa, amma sai ranar kasuwa, ciwo kuwa ba ya jiran ranar kasuwa.

Wallahi a nan na gane abin da ya ɓace a mahawarar jiya. Su sun ɗauki batutuwan nan uku daban-daban. A hannun dattijon nan kuwa duk ukun suna cikin takarda guda.

DARASI NA FARKO: DUKIYAR JAMA'A TANA DA MAI ITA

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta ce aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi huɗuba a kai, abin da ya nuna shi ne: da mutumin ya zauna gidan iyayensa, a gani in kyautar za ta iske shi can. Ya kuma yi gargaɗin cewa duk wanda ya ɗauki wani abu daga irin wannan dukiya zai zo da shi a wuya ranar alƙiyama. Wannan shi ne abin da malamai ke kira gululu, kuma aya ta 161 cikin Suratu Ali Imrana a kansa take magana.

Ku lura, mutumin nan bai fasa baitulmali ba. Kyauta ce aka ba shi saboda kujerar da yake kai, amma aka hana. To ina ga wanda ya sa hannu ya kwasa?

Mu nan ƙasar Gwandu bai kamata wannan ya zama baƙon karatu gare mu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa karɓar gaisuwa da toshiyar baki cikin alamomin mulkin zalunci. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu har barin rundunar jihadi ya taɓa yi, don ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu, ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta masu Diya'ul Hukkami kan yadda ake riƙon jama'a. Abin da ya gani a nasa mutane ne ya tayar masa da hankali, bai jira sai ya ga laifin abokan gaba ba.

A zamaninmu misalai sun yi yawa. A Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 kan kuɗin 'yan fansho. A 2022 hukumar EFCC ta gurfanar da Akanta Janar na ƙasa na lokacin, Ahmed Idris, kan tuhumar naira biliyan 109. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, kan zargin tura naira miliyan 585 cikin asusun wani mutum. Waɗannan ba a gwamnati ɗaya suka faru ba, ba kuma 'yan yanki ɗaya ko addini ɗaya ba ne. Kuma don mu san girman lambar da muke furtawa da sauƙi: ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 130,000 kafin ya tara biliyan 109.

Sai dai a nan akwai ladabi biyu da aka yi watsi da su a mahawarar. Na ɗaya, zargi daban, hukunci daban. Wanda kotu ta kama da laifi mu ce an kama shi, wanda ake tuhuma mu tsaya a kan ana tuhumarsa. Suratul Hujurati aya ta 6 ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, kuma danna "tura" a WhatsApp shi ma ɗaukar labari ne. Na biyu, ma'auni ɗaya ne ga naka da wanda ba naka ba. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, aka tura Usamatu ɗan Zaidu ya nema mata sassauci, Annabi (SAW) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne ƙyale babba in ya yi sata da hukunta ƙarami. Mu kuwa a Afrilun 2022 mun ga an yi afuwa ga tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, bayan kotu ta ɗaure su kan kuɗin jihohinsu, alhali gidajen yari cike suke da ɓarayin akuya da na waya. Ɗan uwa, in ɓarawon jam'iyyarka "ɗan siyasa ne mai kyauta", na waccan jam'iyya kuma "azzalumi", ka binciki zuciyarka. Jam'iyya kake karewa, amana ba ta dame ka ba.

DARASI NA BIYU: WA KE BIYAN KUƊIN DA AKA SACE?

Mutane na cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Ƙarya ne. Duk abin da aka ɗebe can sama, akwai wanda zai biya shi nan ƙasa, kuma wurin da aka fi biya shi ne gaban kantin magani.

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. A garinmu aka yi alƙawarin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, yawanci tana yawo ne wajen kashi 5. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, jiharmu ma tana da hukumarta, KECHEMA. A takarda komai ya ji. A zahiri kuwa sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa.

Sannan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, naira ta faɗi, kamfanin magani na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa a Agustan wannan shekarar. Maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin mota ma haka. Mai jinya daga Andarai zai fara da Maiyama ko Jega, in abin ya ƙi a ce Birnin Kebbi, in ya ƙi a ce Sakkwato. Kafin ya ga likita kuɗin mota da na abincin masu jinya sun cinye rabin guzurin.

Kuma mu ne ciwon ya fi kama. Binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a ƙasar nan, kusan rabin yaran da aka gwada 'yan ƙasa da shekara 5 na ɗauke da shi. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafinsa a Disamban 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. A farkon 2025 sanƙarau ya shiga Gwandu da Jega da Aliero, ya ɗauki rayuka, har aka rufe jami'ar Aliero na wani lokaci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ciwo da mutuwa ƙaddara ce, mun yi imani. Amma ɗakin shan magani da ba magani a ciki, wannan aikin ɗan Adam ne, kuma akwai wanda za a tambaya.

DARASI NA UKU: YADDA CIWO KE KWASHE DUKIYAR TALAKA

Musulunci bai ce dole kowa ya zama daidai a arziki ba, Allah Ya fifita wasu kan wasu a rabo. Abin da ya hana shi ne dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai, kamar yadda aya ta 7 cikin Suratul Hashri ta nuna.

Ku duba yadda abin ke faruwa a gabanmu. Manomin albasa ya sha wahalar rani, ya san in ya adana ta wata uku ko huɗu farashi zai ninka. Sai matarsa ta zo haihuwa aka ce sai an yi aiki. Dole ya sayar a lokacin da kasuwa ta cika, da farashin da mai saye ya ga dama. Mai kuɗi ya saya ya ajiye, ribar da ta kamaci manomi ta koma wurinsa. Baɗi wani ciwon ya zo, a sayar da tumaki. Baɗin waccan a jinginar da gona. Bayan shekara biyar sai ka iske mutum yana ƙwadago a gonar da ya gada. Babu wanda ya tare shi da bindiga, takardar magani ce ta raba shi da ita. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, Kebbi na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Da yawansu ta wannan ƙofa suka shiga.

Don haka alhaji, ciniki halal ne, amma ka ji tsoron Allah kan wanda larura ta kawo shi gabanka. In ka san jinya ce ta sa shi sayarwa, kar ka murƙushe farashi. In da hali ka ranta masa, albasarsa ta kai lokacinta.

TO MU MENE NE NAMU?

Magabata ba su tsaya kan zagin shugabanni ba. A Alƙahira, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 da waƙafi aka riƙe shi, ana jinyar mai kuɗi da talaka ba a karɓar komai. Tun kafin nan Annabi (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa, waɗanda in abinci ya yi masu ƙaranci sai su tara abin da ke hannun kowa wuri ɗaya su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Wannan shi ne asalin taimakekeniya.

Shawarata, kowane masallacin Juma'a ya buɗe asusun jinya. Kowane magidanci ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa duk mako, ko mudun gero da kaka. A damƙa shi ga mutum uku amintattu, kar liman ya riƙe kuɗi, ni ma ban da ni. A rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a duk wata. In mun kasa riƙon amanar naira dubu hamsin a masallaci, da wane baki za mu tuhumi mai biliyan?

Sai zakka. Gero da dawa da shinkafa in sun kai nisabi, ɗaya cikin goma ne in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da inji aka yi ban-ruwa. Albasa a mazhabar Malikiyya ba a fitar da zakka daga ita kanta, amma kuɗinta in sun kai nisabi suka shekara ana fitarwa, ɗan kasuwar da ke saye don sayarwa kuma zakkar kasuwanci na kansa. Majinyaci matalauci, da wanda bashin jinya ya danne, duk suna cikin waɗanda aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ambata. Ginin asibiti kuwa, a wurin mafi yawan malamai, da sadaka da waƙafi ake yinsa.

Na ƙarshe, ku riƙa tambaya. Ku je ɗakin shan maganin mazaɓarku ku ji ko yana cikin masu samun kuɗin asusun tarayya, su wa ke kwamitin kula da shi, yaya ake rajistar inshora. In ɗan takara ya zo da taliya da atamfa, ku tambaye shi maganar magani cikin ladabi. Nasiha ga shugabanni addini ce, kuma ba ta buƙatar ashar.

Dattijon nan, alhamdu lillahi, mutum shida suka haɗa masa kuɗin kafin hantsi, yarinya ta samu sauƙi, akuyarsa na nan ɗaure. Amma na san akwai irinsa da yawa da kunya ta hana su tsayawa bayan asuba. Saboda su nake roƙon mu fara asusun nan wannan Juma'ar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi shugabanninmu, Ya tsare hannayenmu daga haƙƙin jama'a. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani ƙofa a buɗe take. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.