Ɗanka Ya Shiga Ƙaramar Sakandare, Wa Ke Riƙe Da Shi?

Jama'a, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. To, doka takan kai yaro bakin aji, amma son karatu sai mutanen da ke kewaye da shi sun sa masa.

A lura da ɗan shekara 12 zuwa 14. A firamare ya saba da malamin ajinsa. Yanzu kowane darasi da nasa malamin, ga jiki yana sauyawa, ga kunya ta ƙaru. Magana ɗaya sai ta ɗaga shi, ko ta karya masa gwiwa.

Maigida, kada ka ce ai kai ba ka yi boko ba. Ba wanda ya ce ka koya masa lissafi. Bayan sallar isha'i kira shi, ka ce, "Kawo littafinka in gani." Ko ba ka iya karatu ba, ai ka san jan biro: ga inda malam ya ba da maki, ga inda ya soke. In ya yi ƙoƙari, sa masa albarka a gaban ƙannensa. Yaron da ya san za a tambaye shi a gida ba ya barin shafi fari. Uwargida kuma, tallan safe ke sa yarinya makara, ta tarar an tare ƙofa da bulala, tun daga nan makaranta ta fita daga ranta.

Malam, wanda ka kira daƙiƙi a gaban 'yan aji zai koma bencin baya, ba ya ƙara ɗaga hannu har zango ya ƙare. Kira shi da sunansa, ka yaba ɗan abin da ya iya.

Sai abokai. A waɗannan shekaru maganarsu takan fi ta iyaye shiga kunne, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Akwai mai yin sallama da sassafe don a tafi makaranta tare, akwai mai jan yaro gidan kallon ƙwallo ana tsakiyar darasi. Maigida, hana abota ba ya yiwuwa, amma ka san su, ka san gidajensu.

Don Allah, kada ka jira taron iyaye da malamai. A wannan makon ka taka har makaranta, ka gaisa da malamin ɗanka, ka tambaye shi yadda yaron yake a aji.