Amanar Fatake

Ya kai mai karatu, sau nawa ka ji dattawa a zaure suna cewa mutanen dā sun fi na yanzu amana? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma da sauranta. Mutum tara yake bai cika goma ba, tun zamanin kakanni kuwa haka yake. Bari mu duba yadda fataken goro suka zauna da wannan hali na ɗan Adam.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, ayari kan tashi daga Kano bisa jagorancin madugu, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jar fata. Sai an yi wata da watanni kafin a isa Salaga ta ƙasar Gonja, a arewacin Gana ta yau, inda ake kawo goro daga dazuzzukan Asante. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan hanya.

To, ga falke ya sauka garin da ba shi da uwa ba shi da uba. Wa zai ajiye masa kaya? Fatoma, wato mai masauki. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya riƙe masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Dillali kuma yana da la'adarsa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Goro ba ya jiran a gama gardama. In ba a kwance huhu an yayyafa ruwa an tsince ruɓaɓɓe ba, asara ta hau. Saboda haka ciniki da sauri ake yinsa, da baki ake ƙulla shi.

Shin duk fatoman nan waliyyai ne? Ina! Akwai masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda ransu ke biyawa in sun ga jakar baƙo. Abin da ya riƙe na biyun shi ne ayari da baki yake tafiya. Wanda ya ci amana bana, kafin baɗi labarinsa ya zaga zango-zango har Kano. A ganina nan hikimar magabata take: sun san hali zanen dutse ne, wa'azi kaɗai ba ya kankare shi, sai suka shirya sana'arsu yadda cuta za ta fi gaskiya tsada.

Yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, fatake suka bazu Kete Krachi da Kumasi da Ankara, suka tafi da tsarinsu. Haka kuma aka yi a cinikin shanu a Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916. Mai shanu daga Arewa zai danƙa garkensa ga mai gida, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, a dakaci biya. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai ciro daga aljihunsa ya sallami baƙonsa, ko da zai ci bashi. Mai gidan da ya noƙe kuwa ba gaban alƙali ake kai shi ba. Da wasu shanun sun iso, sai ya ga baƙinsa sun wuce ƙofarsa sun sauka gidan maƙwabci.