Darasi na 9: Miyar wake irin ta Meziko, wadda ba ta neman nama

Iyayena da yayyena, darasin wannan makon na gindin murhu ne. In an gama zubi, ma'aji ta ƙirga, an kulle akwati, sai mu ɗora tukunya. Zai ci mana kamar awa biyu, don haka wadda aka ɗora wa kawo wake ta jiƙa shi tun da daddare.

Wata za ta ce me ya kawo girki cikin littafin adashi. Kuɗin cefane ne ya kawo shi. A yawancin gidajenmu nama ba na kullum ba ne, kuma ranar da babu shi sai a ga kamar girkin rashi aka yi. Wata ma takan taɓa kuɗin zubinta ta sayo ƙashi don kada miya ta fito tsirara. Ni abin da nake so mu koya shi ne girkin da tun asali ba a kan nama aka gina shi ba, wanda in an ci ba a jin an rasa wani abu. Mutanen Meziko gwanaye ne a nan.

Su wane ne, kuma me ya haɗa mu da su?

Meziko ƙasa ce da ke kudu da Amurka, sun haɗa iyaka. Nesa ce ƙwarai, amma kayan gonarsu na cikin madafinmu. A can aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Sunan tumatir ya samo tushe daga tomatl, kalma ce ta harshen mutanen Aztek. Barkono da tattasai ma daga wancan yankin suka fito, haka talotalo. Duk sun ƙetaro teku ne bayan 1492, lokacin da jiragen Turawa suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyoyin. Kafin zuwan Turawan kuwa, Meziko ba ta da saniya, ba tunkiya, ba akuya, ba kaza. Masara da wake da kabewa su suka riƙe jama'a, ana shuka su tare a gona ɗaya da suke kira milpa, kamar yadda muke ratsa wake a cikin gero ko dawa.

Wakensu daban yake da namu. Suna kiransa frijol, akwai baƙi, akwai mai ɗigo-ɗigo, akwai ruwan ƙasa, kuma ya fi namu daɗewa a wuta. Namu ɗan asalin Afirka ne, Najeriya da Nijar su ke kan gaba wajen nomansa a duniya. Da namu za mu yi miyar, kuma yana yi sarai. Jan wake ya fi farin ba da romo mai kauri, shi nake zaɓa.

Miyar da za mu bi sawunta sunanta sopa tarasca, ta jihar Michoacan, ƙasar mutanen Purepecha. Girkin wannan jiha ne aka kafa misali da shi a 2010, da hukumar UNESCO ta sa abincin gargajiyar Meziko cikin kayan gadon duniya. A can wasu kan zuba mata romon kaza, wasu su soya da kitsen alade. Mu ba ruwanmu da waɗannan. Akwai masu yin ta da ruwan waken kansa da man girki kawai, tasu za mu ɗauka.

Kalmar miya kada ta ruɗe mu. Wannan ba ta cin tuwo ba ce. A kwano ake zuba ta a sha da cokali, ita ce abincin. Na san akwai wadda za ta ce to ai faten wake ne. Sun yi kama, amma ku jira mu kai wurin gashi da suya, nan suka rabu.

Kayan da za a tanada

Wannan awon na mutum 6 zuwa 8 ne. Wake gwangwanin madara 4, wato kamar rabin kilo. Ruwa lita 2 da rabi, daidai da ledar ruwa 5. Tumatir nunannu 5, albasa 2, tafarnuwa ƙwara 4, busasshen tattasai 4, attaruhu 1 ko yadda gida ke so. Man gyaɗa cokali 4 na cin abinci. Kabewa yanki ɗaya kamar tafin hannu, ɗanyar masara 2 in lokacinta ne, gishiri, lemun tsami 2, da garin masara gwangwani 1. In da hali, a ƙara kindirmo marar sukari da fiya.

Dafa waken

Kada a surfa shi. Mun saba in za a yi alala ko ƙosai ko tamu miyar waken sai an cire ɓawo, amma a nan ɓawon ne ke ba romo launi da jiki. A tsince, a wanke sau biyu ko uku, a jiƙa ya kwana. Da safe a zubar da ruwan jiƙon a sa sabo. Jiƙon na rage cin itace, kuma yana rage kumburin ciki da wasu ke kuka da shi.

A ɗora da ruwan nan lita 2 da rabi, da rabin albasa da tafarnuwa ƙwara 1. In ya tafasa a janye itace, a bar shi yana ɓararraka a hankali. Wakenmu da aka jiƙa kan nuna cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Alamar ya yi ita ce ki matse ƙwara tsakanin yatsu biyu ta murƙushe ba gardama. A lokacin ake sa gishiri. Wannan kaɗai, wake da romonsa a tukunyar ƙasa, abinci ne da ake ci kullum a Meziko, frijoles de la olla suke ce masa, wato waken tukunya. Sukan jefa masa wani ganye mai ƙarfin ƙamshi, epazote. Mu ba mu da shi, ɗan ganyen daddoya ya wadatar, ko a bar shi haka.

Maganar kanwa. Su ma suna da irin tasu, wani gishirin ƙasa da ake kira tequesquite, ana sa shi a wake don ya yi saurin laushi. Sai dai kanwa in ta yi yawa tana kashe wani ɓangare na amfanin waken, kuma tana dagula ɗanɗano. Waken da ya kwana a ruwa ba ya buƙatarta. In tsohon wake ne mai taurin kai, a sa ɗan ƙiris kamar ƙwayar gero biyu zuwa uku.

Abu biyu na kiyayewa. Kada tumatir ko lemun tsami su shiga tukunya kafin wake ya nuna, tsami na hana shi laushi, sai ki ƙone itacenki a banza. Sannan wadda ta samo babban jan waken nan mai siffar ƙoda da ake sayarwa a birni, lallai ta bar shi ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti 10 kafin ta rage wuta, don ɗanyensa na sa amai da gudawa.

Gashi da suya

Nan ne ɗanɗanon da nama zai bayar ke fitowa, don haka a natsu. Wake na kan wuta, ki ɗora kasko busasshe, ba mai ba ruwa. Ki jera tumatir ɗungum, da albasa ɗaya da aka raba huɗu, da sauran tafarnuwa da ɓawonta, da attaruhu. Ki riƙa juyawa har fatarsu ta yi baƙi-baƙi a wurare, tumatir ya saki jiki. A kan garwashi ma yana yi. Tafarnuwa ta fi saurin yi, a fara cire ta. Baƙin nan ba ɓarna ba ne, kada a kankare shi duka, shi ke kawo ƙamshin hayaƙi irin na gasasshen abu.

Busasshen tattasai kuwa a fasa shi, a kakkaɓe 'ya'yan, a ɗora a kaskon na ɗan lokaci kaɗan, da ya fara ƙamshi a sauke. Shi ba a bari ya yi baƙi, in ya ƙone duk tukunyar za ta yi ɗaci kuma ba gyara. A jiƙa shi a ruwan zafi minti 15. A Meziko busasshen barkono iri-iri ne, kowanne da sunansa, ancho da pasilla su aka fi sa wa wannan miya. Ba su da zafi sosai, ƙamshi da launi ake nema a wurinsu, shi ya sa tattasanmu na shanya ya fi dacewa da gurbinsu a kan barkonon gari.

A haɗa gasassun kayan da tattasan a daka a turmi ko a niƙa a dutse har su yi laushi. Ba sai an biya kuɗin inji ba, su ma a can da turmin dutse aka saba.

Sai a ɗora wata tukunya da man gyaɗa cokali 3. In ya yi zafi a juye markaɗen. Zai yi ƙara ya yi tsalle, a ja baya kaɗan. A yi ta juyawa kamar minti 8 zuwa 10, har ruwan ya tsotse, launin ya koma ja mai duhu, mai ya fara fitowa gefe. Wadda ta yi gaggawa a nan za ta sha miya mai ɗanyen tsami.

Haɗawa

A kwashi kamar kashi biyu cikin uku na waken a dama shi da maburgi ko a daka, da ɗan romonsa, har ya yi sumul. Ragowar a bar shi ƙwara-ƙwara. A juye duka cikin suyar, da dukkan ruwan da waken ya dahu a ciki. Ruwan nan kada ɗigo ya zube, shi ne romonmu. A Michoacan yawanci niƙe waken suke yi gaba ɗaya. Ni na fi son a bar wani, don yaro in bai tauna komai ba gani yake bai ci abinci ba. Kabewa da masara su ma ƙarinmu ne, amma daga gonar milpa muka aro su: a yanka kabewar ƙanana, a ɓare masarar, a zuba. A bar shi a ƙaramar wuta minti 15 zuwa 20, ana juyawa don wake na kama gindin tukunya. Kaurin da ake so ya ɗara na kunu kaɗan, bai kai na fate ba. In ya yi yawa a ƙara ruwan zafi.

Dunƙulen ɗanɗano fa? Ku ɗanɗana tukuna. Sau da yawa gashin da suyar sun isa. Daddawa kuma na san hannu zai kai gare ta, amma a wannan karon a bar ta, mu ji yadda masu abin suke ci. Gobe kowa ta yi yadda take so a gidanta.

Abin da ake barbaɗawa a sama ba ado ba ne. Su suna yayyanka gurasar masararsu, tortilla, su soya ta yi ƙarau. Tasu masarar sai an dafa ta da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, shi ya sa take kama jiki. Garinmu ba zai yi haka ba, don haka a kwaɓa shi da tafasasshen ruwa da gishiri, a fyaɗa shi siriri a tafin hannu, a gasa a kasko da ragowar man, a kakkarya. Kowane kwano a sa masa wannan, da yankakkiyar ɗanyar albasa, cokali ɗaya na kindirmo, yankin fiya in akwai, a matsa lemun tsami a ƙarshe.

Masarar da lemun na da aikinsu a jiki. Wake na ɗauke da sinadarin gina jiki mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshensa, kuma abin da ya gaza a cikinsa hatsi na cike shi, abin da hatsi ya gaza wake na cikewa. Akwai kuma sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, wanda masu ciki da masu shayarwa ke buƙata ƙwarai. Lemun tsami na taimaka wa jiki ya ɗauke shi, shayi kuwa na hanawa, don haka a ba da tazara tsakanin miyar da shayi. Yaron da ya cika wata 6 za a iya ɗebar masa dameren waken kafin a haɗa da yaji, a ba shi tare da nono. Wanda bai kai ba, nonon uwa kawai.

Lissafi

Kafin a watse, sakatariya ta rubuta farashin kowane kaya yadda yake a kasuwarmu wannan makon, har da itace, a raba da yawan kwanon da tukunyar ta fitar. A gefe a rubuta kuɗin abincin rana mai nama na mutum 8. Ban sa lamba a nan ba da gangan, don farashin wake a kaka daban, a bazara daban. Bambancin da ya fito, kowa ta duba ko ya kai zubin mako.

Wake ya fi araha da kaka, kuma ƙungiya na iya haɗa kuɗi ta saya ta ajiye. In za a yi haka, a nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In an ɗaure kowanne da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Maganin ƙwari da ake zuba wa wake ba abin wasa ba ne. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, mu kuwa yaranmu ke ci. Waken da ke warin magani kada a saya, komai arharsa.

Masu tunanin sayarwa, shawarata kada a ci rance a kan wannan tukuna. Baƙon abinci ne, ba mu san ko kasuwa za ta karɓe shi ba. A gwada tukunya ɗaya ranar kasuwa da kuɗin aljihu, a ga kwano nawa ya tafi. A tuna kuma miyar wake ba ta jure zafi. Wadda aka dafa da safe a cinye ta da rana, in ta rage a sake tafasa ta sosai kafin cin dare, wadda ta kwana ba firji kuma ba ta sayarwa ba ce.

Aikin gida: kowa ta dafa rabin wannan awon sau ɗaya kafin zama na gaba, ta zo mana da abu uku, nawa ta kashe, mutum nawa suka ci, da abin da yara suka ce.