Bayan Gwajin HIV, Kada a Ce "Je Ka Dawo"

Malamin asibitin ƙauye, na san ba kai ke sayo na'ura ba, ba kai ke ɗaukar ma'aikata ba. Amma kuɗin mota da idon jama'a, waɗanda suka fi raba masu ɗauke da HIV da maganinsu, kana da abin yi a kansu.

Fara da ƙofa. Muddin aka ware ɗakin da duk gari ya san na masu ƙanjamau ne, mai mutunci ba zai taka shi ba. A haɗa gwajin da awon ciki da duba masu tarin fuka, kowa ya bi layi ɗaya, kati iri ɗaya. A kuma ja kunnen ma'aikata, har mai shara: dokar 2014 a Najeriya ta haramta tsangwamar masu cutar, kuma kalma ɗaya a kasuwa ta isa ta kori mutum har abada.

Da zarar gwaji na biyu ya tabbatar, kada a sallame shi hannu rabbana. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara magani cikin mako guda, ko ma a ranar in ya amince. Wanda aka ce ya dawo wani sati, sau da yawa ba a sake ganinsa.

Wanda magani ya karɓe shi, me zai sa ya riƙa biyan acaɓa kowane wata? A ba shi na wata uku zuwa shida. A lardin Tete na Mozambik, tun 2008 majinyata ke haɗuwa har mutum shida, ɗaya ya je ya karɓo wa sauran, bi da bi kamar adashi. Wannan tsari ba ya cin kasafi sosai, amana ya fi buƙata, don haka su za su zaɓi junansu.

Magidanta ba su cika zuwa asibiti ba, wannan sananne ne. Kayan gwajin kai na goga dasashi, mai ba da sakamako a minti 20, na iya isa gare su, amma kada a ɗora wa mace kai wa mijinta shi gida sai ta tabbatar ba zai jawo mata duka ko saki ba.

Jaririn uwa mai ɗauke da cutar kuwa, a ɗiga jininsa a takardar gwaji ranar rigakafin mako shida, a rubuta lambar wayar da uwar da kanta ta yarda a kira.