Murzuna, tsutsar zangarniyar hatsi

Manomi ya san murzuna da ido. Yana ganin zangarniya da zane kamar an naɗe ta da zare, ƙwaya ta zube, ya san ta shiga gona. Amma mutane da yawa ba su san daga inda take fitowa ba. Wasu na cewa ruwan sama ke kawo ta. Ba haka ba ne. Cikin ƙasar gonar take kwana.

Uwar murzuna wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Tana fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shuka. Lokacin da hatsi ya fara fid da kai, sai ta bi zangarniya tana zuba ƙwai. Uwa guda tana iya yin ƙwai ɗaruruwa. Bayan kwana 3 zuwa 5, ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Tsutsa tana ƙarama, fure take ci. In ta yi ƙarfi, sai ta shige ƙarƙashin ƙwaya, tana yanke ƴan sandunan da ke riƙe da ita, tana kewaya zangarniya. Shi ne zanen da ake gani. Wajen wata guda take wannan ɓarna. Daga nan ta sauko, ta haƙa rami, ta ƙudundune. Ba ci, ba motsi, duk tsawon rani, sai wata damana. Haihuwa guda ke nan a shekara, amma ta isa ta bar rumbu da rabi.

Murzuna ta zama annoba bayan farin 1972 zuwa 1974. Tana nan duk ƙasashen Sahel masu noman hatsi, daga Senegal har Sudan. A Nijar, manoman Maradi, Damagaram, Tawa da Dosso duk sun san ta. Hatsin da ya riga fid da kai ya fi shan wuya, don lokacinsa ya dace da tashin uwayen. Maiwa takan tsira.

Fesa magani ba ya cika amfani, tunda tsutsa tana ɓoye. Tun 2006, ma'aikatan INRAN na Maradi suka shiga raba wani ɗan ƙwaro mai kamar zanzaro cikin ƴan buhuna. Ana rataya su kewayen gari lokacin fid da kai. Ƙwaron yana harbin tsutsa, ta sandare, ya yi ƙwai jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Ba ya taɓa hatsi. Amma maganin fesawa yana kashe shi, don haka ba a haɗa su gona guda.